Tafinta Biyu, Kanta Ɗaya

4 ga Fabrairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ƙanwata da yara. Yaya idon naka? Ƙanwata ta ce har yanzu takarda manne da hanci kake karatu, ka ƙi zuwa a duba ka. Taurin kan gidanku ne, shekara talatin da takwas ina fama da shi. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta barina, sai kuma abin da ka sani.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Na so in kira ka a waya, amma duk sanda ka ɗauka ka yi sallama, muryar yayanka nake ji, sai bakina ya mutu. Tunda kun saba da wasiƙa kai da shi, bari in gaje shi.

Maganar ita ce zan tashi. 'Yarka ta wajena ta matsa in koma wurinta, ta ce wata biyar ina zaune ni kaɗai a gidan nan ya isa. Na gaji da musu, na ce to. Ƙarshen Afrilu ne. Ɗaki ɗaya suka ware mini. Mijinta ya zo da tef ya auna komai, ya ce gado zai shiga, kujerar yayanka za ta shiga, lasifikan nan biyu za su tsaya a kusurwa. Amma kantar ɗora kaya ɗaya ce, kuma ba za ta ɗauki fiye da kwamfutar da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da akwati guda ba. Akwatunan kuwa ka san biyu ne.

Ina nufin tafintocin nan nasa. Haka yake kiransu. Ya ce mini kwamfuta da lambobi take magana, lasifika kuma ba ta jin lambobi, sai an sa tafinta a tsakani ya mayar da su sauti. Akwai Baƙi, mai nauyi kamar dutse, mai kwalabe biyu da ke yin ja idan ya ɗau zafi, wanda ya saya da ya bar aikin gidan rediyo. Akwai Fari, siriri, wanda ka aiko masa. Shekara biyu kuna gardama a kansu. Ɗaya zai tafi da ni, ɗaya ba zai tafi ba.

Kada ka ɗauka kiɗa nake so. Ban taɓa damuwa da kiɗansa ba, kai ma shaida ne. Abu ɗaya nake so. Da zai fara gwajin nan, ya zaunar da ni ya ɗauki muryata, wai ita ce muryar da ya fi sani a duniya, da ita zai kama tafintan da ke ƙarya. A farkon ɗaukar sai aka ji shi ya ce, "Yi magana mana, ya fara ɗauka." Na ce, "Me zan ce?" Sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Shi ke nan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar muryar jama'a, Auta, wannan ce kaɗai tasa da ya bari. Na bincika kwamfutar ni da 'yarka har muka gaji.

To wanne ne zai ba ni shi kamar yadda yake? Kai ne malamin lantarki. Ka faɗa mini da Hausar da zan gane.

Ka gaida ƙanwata. Ka je a duba idon.

Matar yayanka

19 ga Fabrairu

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, mun gode Allah da kike lafiya. Allah ya jiƙan Yaya, ya ƙara miki haƙuri. Ƙanwarki tana gaisuwa, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi. Ido kuma an sa mini rana, ki daina haɗa baki da ita a kaina. Ina da shekara sittin da ɗaya, har yanzu Auta, har yanzu ana turo ni asibiti kamar ɗan firamare.

Na karanta inda kika ce ɗaya ba zai tafi ba, sai na ajiye takardar. In dai Farin ne kike neman hanyar mayar mini, ki faɗa kai tsaye. Kyauta na ba Yaya, ba aro ba. In kuma kafin ya rasu ya ce miki bai so shi, wannan ma ki faɗa, zan iya ɗauka.

Ga amsar tambayarki. A kan awo, Fari ya fi. Kin san ɗan shuuu ɗin nan da ake ji a lasifika idan babu abin da ke tafiya? Na Fari ya yi ƙasa ƙwarai, kunnen mutum ba ya kama shi. Lambobin nan da Yaya ya gaya miki, dubbai ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, kuma dole kowace ta zo a kan lokacinta. Fari yana da agogo a ciki wanda ba ya rawa. Abin da aka ba shi, shi yake faɗa, ba ƙari ba ragi. Ba ya zafi, ba ya neman gyara.

Baƙi kuma tafinta ne mai ƙara gishiri. Kwalaben nan suna sa wa sauti ɗan kitse, murya ta fito da kauri da taushi, ta fi yadda take daɗi. Shi ya sa mutane ke son irinsa. Amma daɗi daban, gaskiya daban, kuma shekara biyu ke nan ina faɗa wa Yaya haka yana ce mini ni mitar awon sauti nake saurare, ba mutum ba. Ga shi kwalaben suna tsufa, wata rana sai an canja su, wa zai nemo miki?

Amma ba sai kin bi bakina ba. Yaya ya rubuto mini yadda kuke yi. Ya daidaita ƙarar su biyun da mita don kada mai ƙarfi ya ruɗe shi, ya zauna ya ba su baya, ke kuma ki sauya wayoyin ba tare da ya san wanne kika jona ba, ya faɗi wanda ya fi, ki rubuta. Babu gwajin da ya fi wannan adalci. Littafin yana wurinki. Ki ƙirga kawai. Wanda kunnen Yaya ya fi zaɓa, shi za ki ɗauka, ni ma in san matsayina. Ya tafi bai gaya mini sakamakon ba.

Ƙaninki,
Auta

3 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata an yi aikin idon, ko an kusa. Ni ina nan, kwalaye sun cika falo, ba wurin taka ƙafa.

Kai dai ba ka canja ba, da an taɓa ka sai ka kumbura. Wa ya ce zan mayar maka da kyautarka? Yayanka da hannunsa yake goge Farin nan, ko ni ba ya bari in taɓa shi da tsumma. Kanta ce ƙarama, ba zuciya ba.

Na ƙirga littafin kamar yadda ka ce. Fari ya ci sau saba'in da huɗu, Baƙi sau sittin da takwas. Kada ka yi murna tukuna. Na rubuta a bayan ambulan cewa kada kowa ya karanta sai kai, don abin da zan faɗa ko 'yarka ba ta sani ba.

Littafin nan ƙarya ce a cikinsa, kuma ni na zuba ta.

Bayan la'asar muke yi, kullum. Ya zauna a kujerarsa ya rufe ido, ni in zaga bayan kabad. Wayoyi biyu ne, mai jan kai da mai farin kai. Baƙi yana sama, ina kai hannu a tsaye. Fari yana can ƙasa, sai na durƙusa na leƙa da tocila kafin in ga ramukan. Da farko ina yi tsakani da Allah. Har daɗi nake ji, don in ya zaɓa sai ya ce, "Sakatariya, rubuta," kamar wani babban ofis.

Amma daga watan Mayu, da jikinsa ya tsananta, na gaji, Auta. Gajiyar da ban san akwai irinta ba. In tashe shi, in wanke shi, in dafa abin da likita ya ce, ya ƙi ci, in sake dafa wani, in ƙirga ƙwayoyi, in wanke zanen gado. Kafin la'asar ƙafafuna ba nawa ba ne. Shi kuma ko ruwa bai iya riƙewa ba sai ya ce, "A kunna tafintoci." Wata rana na zaga bayan kabad, na dubi ƙasan nan, na ji ba zan iya ba. Sai na ƙwanƙwasa katako da kan waya sau biyu, na ce, "Na sauya." Ya saurara, ya ce, "Kai, wannan ya fi buɗewa." Na rubuta Fari. Alhali Baƙi ne a jone, bai motsa ba.

Na ce yau kaɗai. Washegari na sake. Wata huɗu ina haka, har ranar da aka kai shi asibiti bai dawo ba. Ina zaune a kan ƙaramar kujera a bayansa, ina ƙwanƙwasa katako, yana faɗa ina rubutawa. Mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba, abu ɗaya ya rage masa da yake jin shi ne gwani a kai, na mayar da shi wasan yara.

Jiya na ce bari in gwada da kunnena. Na durƙusa na jona Fari, na ji shi ya ce in yi magana. Na miƙe da ƙyar na jona Baƙi, na sake ji. Sau shida. A Fari kamar yana tsaye a bakin ƙofa, a Baƙi kamar yana zaune kusa, ko kuwa zuciyata ce ke faɗa mini haka tunda na san wanda na jona. Babu mai sauya mini in ba da baya. Daga baya ma kuka ya toshe mini kunne, duka biyun suka zama ɗaya.

Ban san wanda ya zaɓa ba, kuma ni na hana a sani. Ka faɗi duk abin da za ka faɗa, na cancanta.

Matar yayanka

14 ga Afrilu

Auta,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Sati shida ke nan. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya. Ban ga laifinka ba. Da ni ce aka yi wa ɗan'uwana haka, ban san ranar da zan sake magana da mutum ba. Ƙanwata ta kira sau biyu, ban ɗauka ba, don ban san abin da ka gaya mata ba.

Na yanke shawara. Zan sa a naɗe tafintocin duka biyu a aiko maka. Kai ka san darajarsu. 'Yarka ta ce za ta sa mini muryar a wayata, in riƙa ji a nan. Na gwada, kamar yana magana daga cikin gwangwani, amma mai ƙarya ba ta da zaɓi.

An cire labule, an kwashe hotuna. Ɗakin sautin kaɗai ban bari an taɓa ba. Mota za ta zo ranar ashirin da tara.

Ko ba ka yafe ba, ka rubuto layi ɗaya in san idon ya warke.

Matar yayanka

21 ga Afrilu

Matar Yaya,

Kada ki naɗe komai. Na ba direban motar kasuwa wannan a hannu don ta riga ranar tashinki.

Lafiyarmu ƙalau. An yi aikin ido biyu, ɗaya bayan ɗaya, na dama kuma ya ba da wahala, aka hana ni karatu. Wasiƙarki ta Maris ta zo ina da bandeji. Ƙanwarki ta ɗauko za ta karanta mini, sai ta ga abin da kika rubuta a bayan ambulan, ta ce ita ba ruwanta, ta jefa a durowa. Ta kira ki ta gaya miki halin da ake ciki, kika ƙi ɗauka. Shekaranjiya aka ba ni tabarau, na karanta biyun a jere. Fushi kuma! Ke da kika goya mini 'ya'ya?

Ni ma ina da abin da na ɓoye. Wasiƙar Yaya ta ƙarshe ta iso kwana uku bayan an kira ni an ce ya rasu. Ban iya buɗe ta ba. Wata bakwai tana cikin aljihun rigar da na je jana'iza da ita. Da na gama karanta taki sai na ce in matar Yaya ta iya wannan, ni ma in yi ta maza. Ga abin da ya ce, na kwafe miki harafi da harafi:

"Auta, gardamarmu ta mutu, amma kada ka gaya wa Sakatariya. Tun bara kunnena ya daina raba su. Saman sautin ya tafi, tsufa ne da magungunan nan. Ita kuma tun watan Mayu ta daina sauya wayoyin. Gwiwarta ta hagu tana ƙara kamar an karya busasshen reshe duk sanda ta durƙusa, sannan ta ce wash. Wata huɗu ban ji wannan ƙarar ba, sai ƙwanƙwasa katako sau biyu. Ni da nake kama tarin mutum ta bayan gilashi biyu a ɗakin ɗauka, wai ni za a yi wa ƙwanƙwasa. Na kusa yin dariya ran farko.

"In ta san na sani, ko ta koma durƙusawa don kunya, ko ta daina zuwa. Ba na son ko ɗaya. A yini duka awar nan ce kaɗai take zama. Ba ta wanki, ba ta bina da ƙwaya, tana bayana a kan 'yar kujerarta ina jin numfashinta. Wani lokaci har gyangyaɗi take yi, sai in bar waƙar ta kai ƙarshe kafin in yi magana. Nakan ce wannan ya fi, wancan ya fi, don dai in ji alƙalaminta yana tafiya. Ƙaryarmu ta zo ɗaya, ba wanda ya cuci wani."

Sauran maganar tamu ce, ni da shi.

To kin ji. Ni na sha kaye, kuma ban ji zafi ba. A kan mita har gobe Fari ya fi, wannan ba zan janye ba ko Yaya ya dawo. Amma ba mita kika tambaya ba. Wata huɗun ƙarshe, duk abin da ya ji, ta bakin Baƙi ya ji shi, yana sane, kuma bai ce a canja ba. Ki ɗauki wanda ke jone. Kwalaben kuma ki bar mini, ina da ido yanzu, zan nemo.

Ƙaninki,
Auta

6 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum. Barka da samun ido. Ka ba ƙanwata haƙuri, na kira ta jiya mun yi awa guda, rabi dariya rabi kuka. Na iso lafiya. Ɗakin ƙarami ne amma yana da taga, jikoki suna shigowa suna taɓa komai. Gajiyar tashi ba ta sake ni ba tukuna.

Wasiƙarka ta same ni a zaune a kan kwali. Na karanta, na sake karantawa, sannan na ji haushi. Wallahi haushi na fara ji. Wata bakwai ina ɗauke da abin nan a ƙirjina kamar an ɗora mini buhu, ashe mutumin yana zaune yana dariyata da ido a rufe. Kuma ni ban taɓa gyangyaɗi ba, wannan ƙari ne irin na Baƙi. To, wataƙila sau ɗaya ko biyu. Bayan haushin ya wuce, abin da ya biyo baya ba sai na rubuta ba.

Fari yana hanya, direban da ka aiko zai kawo maka. Na naɗe shi da tawul ɗin da yayanka ke goge shi da shi. 'Yarka ta sa maka muryar a cikin ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, yana cikin ambulan a gefe. Kai ka ji shi ba ƙari ba ragi, ni in ji shi da ɗan gishirinsa. Littafin kuma na riƙe. Da na yi niyyar ƙona shi.

Mijin 'yarka ya ɗora komai a kan kanta, ya ce, "Mama, kawo wayoyin in jona miki." Na ce a'a, wannan aikin sakatariya ne. Kantar tasu gajera ce, Auta, Baƙi ya koma ƙasa. Na jira suka fita, la'asar ta yi, na ɗauki tocila na durƙusa. Gwiwar ta yi ƙarar nan tata, na ce wash tun kafin in tuna. Sai na juya wajen kujerarsa na ce, "To ka ji, yau da gaske ne."

Na jira kwalaben suka yi ja. Ban zauna a kujerarsa ba, na ja 'yar tawa na zauna a bayanta inda na saba. Na danna.

Ya ce, "Yi magana mana, ya fara ɗauka."

Ni da waccan ta cikin lasifika muka haɗa baki muka ce, "Me zan ce?"

Sai ya yi dariyar.

Ka gaida yara. Ka riƙa ɗiga maganin idon a kan lokaci, kada in ji.

Matar yayanka